Sunan Amira a Gugul

Shafi na 12

Da sunan Allah. Masu cika min akwatin saƙo da "Anti ina ci gaba", duk na gan ku. Kwana uku ba mu ga wuta ba, sai ɗazu na samu caji a shagon maƙwabci. Ke kuma da kika rubuto kina zagin Rakiya, ki daure ki karanta wannan tukuna, in ya so ki zage ta da hujja.

*

Rakiya ba ta yi kuka ba. Ni kaina da nake ba ku labarin na so a ce ta yi, da abin ya zo mata da sauƙi.

Tun da Tasi'u, mutumin ƙauyen Tungar Nababa, ya kashe waya take zaune a ɗakin awo na ƙaramin asibitin da take aiki a Anka, hannu ɗaya cikin safar roba, ɗayan babu. Maganar da ya yi ba ta da yawa.

"Malama, na ga takardarki a Gugul. Da sunan ɗiyata ciki. Muna tahe ki karanta muna."

Ta ɗauki wayarta. Ta rubuta *Amira Tasi'u Tungar Nababa*. Ta danna.

Ba ta ma sha wahalar nema ba. Shi ne layin farko.

Sunan ita Rakiya a sama, cikakke. Ƙarƙashinsa kwanan wata, Yulin 2010. Shekara shida ke nan.

A wancan lokacin, da gubar dalmar da ke cikin dutsen zinari ke ɗibar yara a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, ma'aikatan agaji sun buɗe wani zaure na imel. Ka rubuta saƙo sau ɗaya, ya je wa mutum arba'in da ɗaya: masu jinya, masu gwajin jini, da masu kwashe gurɓatacciyar ƙasa daga gidaje suna zuba sabuwa. Ba kowa ke shiga ba, sai an sa sunanka. Shi ya sa Rakiya ta ɗauke shi ɗaki mai ƙofa, duk abin da aka faɗa a ciki ya tsaya a ciki.

Kuma kun san ƙauyukanmu. Babu lambar gida, babu sunan titi. In kana son mota ta tsaya a ƙofar da ta dace, dole ka faɗi mai gida, ka faɗi ubansa, ka faɗi matarsa. Haka kowa ke rubutawa a zauren, haka ita ma ta rubuta.

Da Turanci ne, amma ga abin da ke ciki:

*Gidan Lado ɗan Magaji, Tungar Nababa, bayan tsohuwar rijiya. A sake kwashe ƙasar ɗakin matarsa Habsu, kuma a ɗauke turminta. Ta faɗa mini cewa bayan mai gari ya hana shigo da dutsen zinari cikin gida, ta ci gaba da dakawa a ɓoye a ɗakinta, a turmin da take dakan fura. Amira, ɗiyar ƙanin mijinta Tasi'u, mai shekara biyu, wadda ta rasu ranar Talata, a ɗakin Habsu take wuni, furar take sha. Mutanen gidan ba su sani ba. Don Allah ku je kamar aikin kullum, kada kowa ya gane.*

Ta karanta har ƙarshe. Ta koma sama ta sake.

Ta tuna ranar. Bayan tantin asibiti, Habsu ta riƙe mata gefen hijabi da hannu biyu, muryarta ba ta fita sosai.

"Amana, Malama. Daga ni sai ke sai Allah. 'Ya'yana biyu na kwana ɗakin nan, ina tsoro su bi ta."

"Ba mai ji," in ji Rakiya a lokacin.

An je kuwa. An kwashe ƙasar, an ɗauke turmin da sunan ana ɗaukar na kowa. 'Ya'yan Habsu suna nan da ransu har yau. Wannan ɓangaren ya yi daidai.

Ta nemo lambar Auwalu, wanda ya buɗe zauren. Yanzu yana Gusau yana gyaran kwamfuta.

"A'a, Malama Rakiya! Yau wace rana?"

"Auwalu, zauren nan namu na lokacin dalma. Wa ke iya karanta shi?"

"Wane zaure? Kai, ai wannan ya daɗe da mutuwa."

"Bai mutu ba. Ga shi a hannuna."

Tana jin ƙarar janareto a bayansa.

"A ina kika gan shi?"

"Gugul. Ban sa kalmar sirri ba, ban shiga komai ba. Suna kawai na rubuta."

"Innalillahi."

"Ka ce mana sai wanda aka sa sunansa."

"Haka ne, turo saƙo sai wanda aka sa. Amma rumbun, inda tsofaffin saƙonni ke taruwa, shi daban ne. Akwai wani ɗan wuri da ake dannawa a rufe shi daga mutanen waje." Ya ja numfashi. "Ina jin ban danna ba."

"Kana ji."

"Wallahi Malama kin san yadda muke lokacin. Ko barci ba ma samu."

"Goge shi."

"Ba hannuna yake ba. Da adireshin ofishin aikin na buɗe, ofishin kuma an rufe shi shekara huɗu ke nan. Kalmar sirrin ta tafi da shi."

"To?"

"Sai dai in rubuta wa masu shafin. In sun amsa da wuri, mako biyu, ko wata. Kuma kada in ɓoye miki, ko sun cire, akwai wasu shafukan da ke kwafar irin waɗannan su ajiye nasu."

"Saƙo nawa ne a ciki?"

"Sun fi dubu."

"Da sunayen mutane."

"Da sunaye."

"To na gode," ta ce, ta kashe.

Ta so ta ji haushinsa, ta lalubo a ranta ba ta samu ba. Ta so ta ji tsoro, shi ma babu. Sai ta tashi ta cire safar, ta wanke hannu, ta jera kwalaben magani a kan kanta, manya a baya, ƙanana a gaba. Wata mai ciki ta leƙo tana tambayar ranar awo, ta ba ta amsa daidai, har da yi mata sannu.

Ana gab da azahar ta ji tsayuwar babur a waje.

Tasi'u ne ya fara shigowa da sallama, ƙura har gira, riƙe da takarda a cikin farar leda, ya manna ta a ƙirji. Bayansa wata mace cikin hijabi ruwan ƙasa, da ɗan kwano ɗaure a ƙyalle.

Habsu.

Da ya ce "muna tahe", Rakiya ta ɗauka da matarsa Zainab zai zo. Ko kaɗan ba ta kawo Habsu a ranta ba.

"Sannunku da zuwa," bakinta ya faɗa da kansa. "Ga benci."

"Malama, mun same ku lahiya?" in ji Habsu tana murmushi. "Ya aiki? Ya Inna, da ƙahwar?"

"Da sauƙi. Ya yaran?"

"Suna gaishe ki. Ga ɗan ƙwan zabi, ba yawa."

Duk zuwan da Habsu za ta yi Anka sai ta riƙo mata wani abu. Shekara shida ba ta taɓa fashi ba, kuma ba su taɓa sake tayar da waccan maganar ba. Ta durƙusa ta fara kwance ƙullin ƙyallen.

Tasi'u kuwa ya kasa zama.

"Malama, ikon Allah za ki ji. Kin san yanzu Gummi nike, injin casar shinkahwa. To akwai wani abokin aikina, Ɗanmusa, shi yan nuna man wai mutum na iya rubuta sunanshi a Gugul shi ga ko duniya ta san da shi. Munka yi ta dariya. Na sa nawa, ba komi, sai wasu Tasi'un can daban. Sai zuciyata tac ce, sa na Amira."

Ya zaro takardar daga leda a hankali, ya shimfiɗa a kan tebur, ya shafe ta da tafin hannu.

"Aji huɗu na tsaya a boko, Turanci ba ni jin shi. Amma sunan ɗiyata ina gane shi. Ga shi nan." Ya ɗora yatsa. "Ga nawa. Ga naki a sama. Ɗanmusa yac ce in kawo shi karanta man, nac ce a'a. Mai takarda na da rai, ita za ta karanta man da bakinta. Na kai shagon masu kwamfuta anka buga man."

Rakiya ta kalli yatsan. Farcen ya tsage, akwai ƙaiƙayin shinkafa a gefensa.

"Ko hoto ba mu da shi, Malama. Ba takardar haihuwa, ba komi. Kabarin ma yanzu sai in tsaya ina kintace, ruwa ya daidaita su duka. Wani lokaci Zainab kan ce man, anya mun haihe ta kuwa? Sai ga shi ashe an rubuta ta. Tana nan a rubuce, duk duniya na iya gani."

Ya juya wajen matar wansa, fuskarsa a sake.

"Yaya Habsu, ban hwaɗa miki a hanya ba, na so ki gani da idonki. Har da sunanki ciki. Sau biyu ma. Ga shi, ga shi."

Hannun Habsu ya tsaya a kan ƙullin.

Ba ta kalli takardar ba, tunda ko ta kalla ba ta karatu. Fuskar Rakiya ta kalla. Kallo ɗaya, ba tuhuma a ciki, ba roƙo. Sannan ta sunkuyar da kai, ta ci gaba da kwance ƙyallen da ta riga ta kwance.

"Bisimilla, Malama," in ji Tasi'u. Ya zauna a bakin benci, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

Jama'a, ku da kuke zaginta, ku faɗa min abin da za ku yi a nan.

Rakiya ta jawo takardar. Ta ji muryarta ta fito sumul, irin wadda take karanta wa mata ka'idar shan magani da ita.

"Na ce, gidan Lado ɗan Magaji, Tungar Nababa, bayan tsohuwar rijiya. A sake kwashe ƙasar gidan."

"Awo. Sun zo kuwa, ina nan."

"Na ce Amira, ɗiyar Tasi'u, mai shekara biyu, Allah ya yi mata rasuwa ranar Talata."

"Talata ce. Wallahi Talata ce." Ya gyaɗa kai, idonsa ya kawo ruwa.

"Na ce Habsu matar Lado ita ke kula da ita, a ɗakinta take wuni." Ta tsallake sauran layukan. "Ta riƙe ta da kyau. Don Allah a taimaka wa mutanen gidan."

Ta ɗago.

"Shi ke nan?" Ya leƙa takardar. "Na ga layin da yawa."

"Haka Turanci yake. Magana kaɗan, rubutu mai tsawo."

"To, to. Allah sarki."

Ya share ido da bakin riga, bai ji kunyar kowa ba.

"Gaskiya kinka rubuta, Malama. Lokacin Zainab na jego, Yaya Habsu ta ɗauke mata yarinyar. Ita ka goya ta, ita ka ba ta hura. Ranar da jijjigar ta kama ta ma a bayanta take. Yaya Habsu, ban taɓa yi miki godiya yadda ya kamata ba. Allah shi saka miki da alheri."

Habsu ba ta ce amin ba. Tana fito da ƙwai ɗaya bayan ɗaya tana jerawa a kan tebur, kusa da ma'aunin jini.

"Malama, ba ki sa sunan Makau mai injin niƙan dutse ba?"

"Ban sa ba."

"Da kin sa." Muryarsa ta canza. "Gidanmu ba dutse. Ranar da mai gari ya hana, ni da Yaya Lado munka kwashe komi munka kai daji, na rantse gaban jama'a. Ina za ta samu dalma in ba ƙurar injinshi ba? Ƙohwar gidanmu ya kahwa shi. Shekara shidda ban gaishe shi ba. Da Innarshi ta rasu ko ta'aziyya ban taka ba, kuma ba ni zuwa."

Ƙwai ɗaya ya gangara. Rakiya ta tare shi da hannu kafin ya kai bakin tebur, ta mayar da shi cikin sauran.

A ranta tana lissafi, a sanyaye, kamar aikin wani take yi. Takarda ɗaya ce. In ta ce ya bar mata ita ta ajiye a fayil, zai bari, yana ganin girmanta. Auwalu ya ce mako biyu ko wata. Mutumin da ba ya jin Turanci, a injin shinkafa, wata ɗaya ba wani abu ba ne. Ƙila a wuce.

"Tasi'u, ka bar min takardar nan. Zan sa ta cikin fayil ɗin asibiti, kada ta lalace."

"Riƙe ta, Malama, taki ce. Ai ina da ita cikin waya."

"Ka bar ta a wayar kawai. Ba sai ka nuna wa mutane ba. Abu ne na asibiti."

Ya yi 'yar dariya, irin ta wanda aka makara gaya wa abu.

"Ai na riga na tura."

"Ka tura ina?"

"Gurup ɗinmu na Watsap, 'yan Tungar Nababa mazauna waje. Da sahe kahin in taso. Nac ce ku duba, ga sunan ɗiyata a Gugul, ku sa ta a addu'a."

"Mutum nawa ne a ciki?"

"Mun kai sittin. Akwai na Gusau, akwai na Sakkwato, har da yaran da ke jami'a. Malam Ubaidullah ma na ciki, abokin Yaya Lado, wanda ka koyar da Turanci a sakandaren Bukkuyum. Nac ce ran Juma'a in ya zo gida shi karanta ma Innarmu, ta ji da kunnenta."

Rakiya ta ji an kira salla a masallacin bakin titi. Ta ji wata mata a waje tana rarrashin yaro. Duk tana jin su sarai, jikinta ne kawai kamar ba nata ba.

"Ƙarfe nawa ka tura?"

"Wajen takwas. Hanya ba sabis, ban ma duba ko sun amsa ba." Ya laluba aljihu ya fito da wayar, ya kunna data. "Bari mu gani."

Wayar ta yi ƙara sau ɗaya. Ta sake. Sai ta shiga yi ba tsayawa, saƙo na bin saƙo, har tana rawa a tafin hannunsa.

"Kai! Kun gani ko? Mutanen kirki." Yana murmushi yana ja da yatsa. "Saƙo arba'in da bakwai. Wanga ya sa innalillahi. Wanga ma innalillahi. To mi ya sa wanga yac ce a goge? A'a, Malam Ubaidullah ya kira ni har sau shidda."

Bai rufe baki ba wayar ta ɗauki ruri. Ya juyo da fuskarta yana nuna musu.

"Ga shi ma, shi ne."

Ya kai yatsa zai ɗauka.

Habsu ta miƙe daga durƙuson. Tun da aka kawo ta gidansu amarya ba ta taɓa riƙe hannun ƙanin mijinta ba. Yau ta kama wuyan hannunsa ta riƙe.

"Kada ka ɗauka."

"Yaya Habsu, lahiya?"

"Kada ka ɗauka, Tasi'u. Ba a bakinshi za ka ji ba."

"In ji mi?"

Da ɗayan hannun ta tura takardar a kan tebur har ta taɓa yatsun Rakiya. Muryarta ba ta rawa, ba kuka a cikinta.

"Malama, Allah shi biya ki, kin yi iya naki. Sake karanta mai."

"Habsu..."

"Tun daga hwarko. Wanga karon ki karanta abin da ke ciki."